KIFIN HUNTURU DA GONAR TUDU: Darasi Daga Kogin Misisipi

'Yan'uwa manoma, da yawa cikinmu muna da gonaki kusa da kogi ko fadama. Idan an gama girbi, kifi yakan taimaki tukunyar miya, wani lokaci har ya taimaki aljihu. Amma a taron ƙungiyoyi akan ji kuka iri ɗaya: kifi ya ragu, gurbin da dā yake shanye mutum yanzu ya cika da yashi. Saboda haka muka ga ya kamata a wannan fitowa mu duba yadda ake kamun kifi a farkon hunturu a wani babban kogi na Amurka. Hunturunsu dabam ne da namu, kifayensu ma dabam. Duk da haka abin da ya sami koginsu, da abin da manomansu suka yi a kai, zai ba mu abin tunani.

KOGIN DA HUNTURUNSA

Kogin Misisipi ya taso daga wani ƙaramin tafki a jihar Minesota, can arewacin Amurka kusa da Kanada. Ya yi tafiyar mil kamar 2,300 kafin ya faɗa teku a kudu. Sashen da za mu yi magana a kansa shi ne na arewa, inda kogin ya zama iyaka tsakanin jihohin Minesota, da Wiskonsin, da Ayowa, da Ilinoi.

A shekarar 1930 gwamnatin Amurka ta yanke shawarar riƙe ruwan kogin domin hanyar jirage ta kasance da zurfin ƙafa 9 kullum. Cikin shekara goma da suka biyo baya aka gina yawancin madatsun ruwa fiye da 25 da suke tsakanin birnin Miniyapolis da Sen Luwis. Manyan jiragen dako suna bi ta ƙofofin madatsun ɗauke da masara da waken soya. Kowane sashe na kogin da yake bayan wata madatsa an ba shi lamba: sashe na 4, sashe na 8, da sauransu. Sa'ad da aka tare ruwan, sai ya malala ya rufe fadamu da kurmin bakin kogi, ya zama ɗaruruwan tafkuna da lunguna na kwantaccen ruwa. Waɗannan za mu kira su tafkunan gefe.

Game da sanyi kuwa, za mu yi amfani da ma'aunin da ruwa yake daskarewa a digiri 0, ya tafasa a digiri 100. A wannan yanki, daga ƙarshen Nuwamba sanyi yakan sauka ƙasa da 0, a wasu darare na Janairu har digiri 20 ƙasa da 0. Jirage sukan daina tafiya wajen farkon Disamba, sai Maris. Tafkunan gefe su suke fara daskarewa, gama ruwansu a kwance yake. Amma a gindin madatsa, inda ruwa yake zubowa da ƙarfi, ƙanƙara ba ta samun zama da wuri. Ashe a mako guda mutum yana iya shiga kwalekwale a gindin madatsa, kashegari ya taka da ƙafa bisa tafkin gefe.

KIFAYE IRI BIYU

Na fari shi ne wanda suke kira wolai. Dogon kifi ne mai ruwan zinariya, da ƙaya a gadon baya, da haƙora masu kaifi, gama ƙananan kifaye ne abincinsa. Wanda aka fi kamawa yakan kai laba 1 zuwa 3, amma akan sami mai laba 10. Idonsa ne abin mamaki. A bayan idon akwai wani faifai mai mayar da haske, irin na kyanwa, shi ya sa yake gani cikin duhu da cikin gurɓataccen ruwa. Saboda haka da asuba da magariba ya fi farauta. Namansa fari ne, ba ƙaya da yawa, mutanen wurin suna sonsa ƙwarai, har jihar Minesota ta zaɓe shi kifin jiha a 1965. Yana da ɗan'uwa, soga, wanda bai kai shi girma ba, ya kuwa fi shi son zurfi.

Mata sun fi maza girma. Tun daga kaka ƙwai yake girma a cikin mace, tana ɗauke da shi duk hunturu, sai wajen Afrilu, sa'ad da ƙanƙara ta narke ruwa ya kai digiri 6 zuwa 10, ta zuba shi bisa tsakuwa ko ciyawar da ambaliya ta rufe. Babbar mace guda takan zuba ƙwai fiye da 100,000. Mu riƙe wannan, za mu komo kansa.

Na biyu kuwa taron ƙananan kifaye ne da suke kira kifin kasko, watau kifin da zai shiga kaskon suya ɗungum ba sai an yanka ba. Fitattu cikinsu su ne bulugil da kirafi. Bulugil falale ne kamar tafin hannu, wanda ya gan shi zai tuna da karfasa, ko da yake ba dangi ba ne. Ƙwari da tsutsotsin ruwa yake ci. Kirafi ya ɗan fi shi girma, yana kuma cin 'yan kifaye. Su ne kifin yara da tsofaffi da wanda ba shi da jirgi.

ABIN DA SANYI YAKE YI WA KIFI

Jikin kifi ba ya riƙe ɗumi kamar na akuya ko kaza. Yadda ruwa yake, haka jikinsa yake. Idan ɗumin ruwa ya ragu da digiri 10, aikin jikinsa yakan ragu da kusan rabi. Ba ya bukatar abinci da yawa, ba ya kuma da ƙarfin iyo kamar dā. Don haka abin da kowane kifi yake nema a farkon hunturu shi ne wurin da zai zauna ba tare da ya ƙone kitsen jikinsa yana kokawa da ruwa ba.

Wolai kifin ruwan sanyi ne, yana ci duk hunturu. Tun kaka yakan hau kogi, sai madatsa ta tare shi. Nan suke taruwa, a gindin madatsa, suna laɓewa bayan duwatsu da cikin ramuka, da wurin da ruwa mai gudu ya haɗu da mai juyawa. Ruwa yana kawo musu abinci har baki.

Kifin kasko ba zai iya haka ba. Ga dalili. Ruwa ya fi nauyi sa'ad da yake digiri 4. A tafkin da yake kwance, ruwa mai digiri 4 yakan nutse ƙasa, wanda ya fi shi sanyi ya tsaya a sama ya daskare. Ƙanƙarar ta zama murfi, ƙasan tafkin ya zauna da ɗan ɗumi. A tsakiyar kogi kuwa gudun ruwa yana gauraya sama da ƙasa, duka ya tsaya kusa da digiri 0. Bulugil da ya daɗe a irin wannan ruwa yakan sandare, ruwa ya tafi da shi.

Masana sun maƙala wa kifaye 'yan na'urorin rediyo suka bi sawunsu a ƙarƙashin ƙanƙara. Suka tarar kifin kasko yana neman abu uku a wuri ɗaya: ruwan da ya haura digiri 1, da ruwan da kusan ba ya motsi, da isasshen oksijin, watau iskar shaƙa da take narke cikin ruwa. Tafkin da zai ba da ukun nan sai mai zurfi. Idan ba zurfi, ƙanƙara ta cinye rabin ruwan, dusar ƙanƙara ta tare hasken rana, ciyawar ruwa ta mutu ta ruɓe ta shanye oksijin. Sa'an nan kifi ya shiga tsaka mai wuya: in ya zauna ya shaƙe, in ya fita kogi sanyi ya kashe shi. Irin wuraren nan masu kyau kaɗan ne, don haka kifin da ya bazu ko'ina da damina yakan taru cikin 'yan tafkuna ƙalilan.

YADDA AKE KAMA WOLAI

Da fatsa ake kama shi a wannan kogi, ba da taru ba. Mai fatsa yakan ɗaura ƙugiya mai kan dalma, nauyinta kamar kwata zuwa rabin oza, a fente ta da launi mai haske. A jikinta akan maƙala ƙoto, watau ɗan kifi mai rai kamar tsawon yatsa, ko na roba. Ga yadda gwanayensu suke yi:

1. Sukan nemi gaɓar da ruwa mai gudu ya haɗu da mai laushi, a zurfin ƙafa 10 zuwa 25.

2. Sukan bar kwalekwale ya bi ruwa sannu sannu, suna gyara shi da ƙaramin inji, domin zaren ya tsaya sak daga sanda zuwa ƙasa. Idan zare ya kwanta, ba a jin cizon kifi, ƙugiya kuma takan maƙale a dutse.

3. Sukan saukar da ƙugiya har ta taɓa ƙasa, su ɗaga ta kamar taƙi guda, su dakata, su sāke saukarwa. Kifin da sanyi ya kama ba ya bin abin da yake gudu.

4. Sukan zaɓi dalma mafi sauƙi da za ta iya kai ƙasa. Ruwa mai ƙarfi, dalma mai nauyi. Ruwa mai laushi, ƙarama.

5. Sukan kasa kunne ga hannunsu. Cizon hunturu ba fizga ba ne. Sau da yawa ɗan nauyi kawai ake ji, kamar ganye ya rataye a zare.

Akwai wata ƙa'ida kuma da ma'aikatan kifi suke ta nanatawa. A gindin madatsa ruwa ya haƙa ramuka masu zurfin ƙafa 40 ko fiye, ƙananan soga sukan cika su. Cikin kifi akwai jakar iska da take taimakonsa tsayawa cikin ruwa. Idan aka jawo shi daga zurfin da ya wuce ƙafa 30, iskar takan kumbura, ido ya fito, tumbi ya turo ta baki. Ko an mayar da shi ruwa, da wuya ya rayu. Mutumin da ya kama ƙanana hamsin a irin ramin nan ya sake su, yana tsammani bai yi ɓarna ba, alhali kuwa ya kashe da yawa. Don haka akan gargaɗe su kada su jefa ƙugiya a zurfin nan, sai in abin da suka kama za su ci.

YADDA AKE KAMA KIFIN KASKO

Makonnin fari bayan tafki ya daskare su ne mafi albarka, gama har yanzu akwai oksijin, kifi kuma yana ci. Mutum yakan huda ƙanƙara da abin huji, rami kamar faɗin kwano. Sandarsa gajeriya ce, ba ta wuce kamu ɗaya da rabi ba, zaren siriri kamar gashin wutsiyar doki. Ƙugiyar ba ta fi ƙwayar shinkafa da yawa ba, da tsutsa guda a bakinta. Yakan girgiza ta a hankali sama da kan kifin, domin bulugil da kirafi sun fi ɗaukar abin da yake bisansu. In ba a dace ba bayan 'yan mintoci, sai a huda wani rami gaba.

Wannan aiki yana da hatsari. Ƙa'idarsu ita ce, kada a taka ƙanƙara sai sabuwa ce, garau, kaurinta ya kai inci 4. Ƙanƙarar kogi kuwa macuciya ce, gama ruwan da yake gudu a ƙasa yana cinta. Inda take inci 6 a nan, taku goma gaba tana iya zama inci 1. Saboda haka mai hankali yakan tafi da sandar ƙarfe yana dukan gabansa, ba ya kuwa tafiya shi kaɗai. Wanda ya faɗa ruwa mai sanyin nan, numfashinsa yakan ƙwace masa a minti na fari, cikin minti goma hannuwansa su daina kama abu. Shi ya sa masu kwalekwale suke sa rigar iyo tun daga gaɓa.

DOKAR DA TA TSARE KIFIN

Mun ga yadda hunturu yake tara kifi wuri ɗaya. Abin da yake da sauƙin kamawa yana da sauƙin ƙarewa. Mutum ɗari bisa ƙaramin tafki, kowa yana cika bokiti, suna iya kwashe manyan bulugil na mil da yawa na kogi cikin 'yan makonni. Shi kuwa bulugil a ƙasa mai sanyi yakan yi shekara 5 ko fiye kafin ya cika tafin hannu.

Don haka kowane baligi sai ya yanki lasin kafin ya jefa ƙugiya. Kifin da ya kama da lasin nan na ci ne, ba a yarda ya sayar ba. An kuma ƙayyade yawan da zai kai gida a rana. A 2020 jihohin Minesota da Wiskonsin suka rage wannan adadi a kogin da yake tsakaninsu. Bulugil ya sauko daga 25 zuwa 15, kirafi ma haka. A sashe na 3 zuwa na 8, wolai da soga a haɗe suka sauko daga 6 zuwa 4. Wolai da bai kai inci 15 ba sai a mayar da shi, wanda ya wuce inci 20 kuwa guda ɗaya tak aka yarda a riƙe. A wasu sassa na ƙasa da nan, duk wolai da yake tsakanin inci 20 da 27 dole a sake shi. Dalili kuwa mun riga mun faɗa: yawancin masu girman nan mata ne masu ɗauke da ƙwan baɗi.

Wa yake biyan ma'aikatan da suke ƙirga kifi da tsaron doka? Masu kamun ne da kansu. Ban da kuɗin lasin, tun 1950 akwai harajin kashi 10 cikin 100 bisa kayan fatsa, ana rarraba shi ga jihohi domin aikin kifi.

LAKA TA FI ƘUGIYA ƁARNA

Doka tana iya hana mutum kwashe kifi, amma ba ta iya ƙara wa tafki zurfi. Tun da aka gina madatsun, laka take kwanciya cikin tafkunan gefe kaɗan kaɗan kowace shekara. Wurare da yawa da dā kifi yake yin hunturu yanzu sun zama taɓo. Babu guba, babu taru, amma kifin ya rasa ɗaki.

A sashe na 4 akwai inda kogin ya buɗe ya zama Tafkin Pepin, tsawonsa mil fiye da 20. Masana sun haƙo lakar ƙasansa suka karanta ta hawa hawa. Suka tarar laka tana cika shi kamar sau goma fiye da yadda take yi kafin manoma Turawa su share ƙasar bayan 1830. Yawancinta daga kogin Minesota take zuwa, wanda ya ratsa ƙasar masara da waken soya. Ba daga fuskar gonaki kaɗai take fitowa ba. An janye ruwan fadamu da bututu domin a sami wurin noma, sai ruwan sama ya riƙa isa rafi da sauri da yawa, yana rushe gaɓa. Ruwa ba ya tsami banza: abin da aka gani a tafki, a tudu aka fara shi.

MANOMAN RAFIN KUN

Yanzu bari mu sauka zuwa sashe na 8, inda wani ƙaramin rafi mai suna Kun yake shiga Misisipi kusa da ƙauyen Istodad a Wiskonsin. Ƙasar wurin tuddai ce da kwaruruka. Manoma, yawancinsu daga Norwe, suka zauna can wajen 1850. Suka sare itatuwa, suka yi huɗa daga kan tudu zuwa gindi, suka saki shanu cikin kurmin gangare. Kafin shekara 80 kwazazzabai sun tsaga gonaki, amfani ya ragu, ambaliya ta zama ta kowace shekara. A wasu wurare lakar da ta gangaro ta binne kwarin fiye da ƙafa 10, har da hanyoyi da gadoji. Tirawut, kifin da yake son ruwa mai sanyi garau, ya kusan ɓacewa daga rafin.

A 1933 gwamnati ta zaɓi wannan yanki mai eka kamar 90,000 domin gwajin farko a ƙasar na tsare ƙasa a dukan kwarin rafi guda. Ba a tilasta wa kowa ba. Cikin manoma kamar 800, fiye da 400 suka sa hannu a yarjejeniyar shekara 5. Wani malamin jami'a, Aldo Leopold, yana cikin masu ba da shawara. Abin da suka yi ba sabon abu ba ne a gare mu. Suka juya huɗa ta bi gicciyen gangare. Suka raba gona layi layi, layin masara, layin ciyawar dabbobi. Suka kewaye gangare mai tsauri da shinge, suka fitar da shanu, suka dasa itatuwa. Suka toshe kwazazzabai da duwatsu da rassa.

Maƙwabtan da suka ƙi da fari suka ga amfanin gonakin 'yan'uwansu, suka bi sahu. Awon da aka yi bayan shekara 40 zuwa 50 ya nuna zaizayar ƙasa ta ragu da kamar kashi uku cikin huɗu. Ruwan sama ya riƙa nutsewa, maɓuɓɓugai suka farfaɗo, tirawut ya komo. Aikin bai ƙare ba, gama a Agustan 2018 wani ruwa mai yawan gaske ya fasa madatsun ƙasa a yankin, mutanen wurin kuwa suka sāke haɗa kai a kan batun.

A cikin kogin ma an yi gyara. A 1986 majalisar Amurka ta kafa shirin farfaɗo da Misisipi na arewa. Ana yashe tafkunan gefe, ana gina tsibirai da lakar da aka kwaso domin su tare iska da gudun ruwa. Tsibiran da aka gina kusa da Istodad kafin 2000 sun mai da wurin sanannen mazaunin bulugil da hunturu. Amma yasar tana cin kuɗi mai yawa, ba ta kuma iya kai ko'ina. Riƙe ƙasa a gona ya fi arha nesa.

MU FA?

Ruwanmu ba ya daskarewa, kifayenmu kuma da damina suke haihuwa, sa'ad da kogi ya malala cikin ciyawar fadama. Amma abu ɗaya ya haɗa mu da su. Su ƙanƙara take matse kifinsu, mu kuwa janyewar ruwa. Daga Nuwamba ruwa yakan bar fadama, tarwaɗa da karfasa da kurungu su komo cikin 'yan gurabe masu zurfi. Idan hunturu ya kankama ruwa ya sauka ƙasa da digiri 20, karfasa takan rage ci. Kifin da ya tsira cikin gurbin nan har faɗuwar ruwa, shi ne irin baɗi. Gurbin kifi rumbun iri ne.

Kakanninmu sun san haka. Shi ya sa sarkin ruwa yake da ikon rufe gurbi da buɗe shi. A Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, ana hana su a Matan Fada sai lokacin biki. Ga abin da ƙungiya za ta iya yi da hannunta:

1. A yi kunya a gicciyen gangare. A jera duwatsu ko a dasa jema ko gamba a layi, domin ruwa ya tsaya ya nutse.

2. A bar ciyawa da itatuwa a bakin kogi, taku 10 ko fiye. Mai noman rani kada ya kai garma har gaɓa.

3. A toshe kwazazzabo tun yana ƙarami, a kuma fara daga samansa.

4. A zauna da mai gari, da sarkin ruwa, da masunta, da makiyaya, da dukan maƙwabta masu amfani da ruwan, a keɓe gurbi ɗaya mafi zurfi wanda ba za a taɓa ba har damina. Ƙungiya ita kaɗai ba za ta iya tsare kogi ba.

5. A daina su da gidan sauro da taru mai ƙananan idanu. A bar wasu manyan su tsira, gama a giwan ruwa ma yawancin mafi girma mata ne.

6. Kada a zuba magimfa, ko Gamalin, ko wani maganin ƙwari a ruwa. Yana kashe babba da ƙarami, yana cutar mai ci da mai sha, mutum da dabba. Dokar kamun kifi ta Nijeriya ta 1992 ta haramta guba da nakiya. Kada kuma a wanke famfon feshi a rafi.

Manoman rafin Kun sun yi shekaru kafin su ga kifi ya komo, amma amfanin gona bai jira haka ba, gama ƙasar da ba ta tafi kogi ba tana nan tana ciyar da shuka.

TAMBAYOYI DOMIN TARON ƘUNGIYA

1. Gurabe nawa ne a koginmu suke riƙe ruwa har ƙarshen rani? Nawa ne dattawa suka sani a zamanin ƙuruciyarsu?

2. Daga waɗanne gonaki da hanyoyi jan ruwa yake gangarowa bayan ruwan fari?

3. Su wa ya kamata mu gayyata kafin mu keɓe gurbi, wa zai lura da shi kuma?

4. Wane aiki ɗaya za mu gama kafin damina mai zuwa?

Muna roƙon magatakardan kowace ƙungiya ya rubuta abin da aka shirya, ya ba malamin gona sa'ad da ya zo zagaye.